Sarkin Kunne Ya Buɗe Asibitin Murya

A layinmu an yi wani mai gyaran fanka da ya raɗa wa kansa suna Sarkin Kunne. Ba wanda ya naɗa shi. Wata safiya ce kawai ya fito daga shago da sukudireba maƙale a bayan kunne, ya ce daga yau haka za a riƙa kiransa. Mu kuwa muka karɓa, tunda kiran ba ya rage mu da komai. Hujjarsa ita ce, wai ko fanka tana can ɗaki na uku tana juyawa, daga ƙararta kaɗai zai gaya maka ko koyil ne ya ƙone ko giris ne ya bushe. A kan fanka dai ba laifi, yana taɓawa. Matsalar ita ce shagonsa a ƙasan bene yake, a saman benen kuwa akwai ɗakin da mawaƙa ke koyon waƙa wurin wata dattijuwa da kowa ke kira Goggo, wadda ta yi waƙa a rediyo tun kafin yawancinmu mu yi haƙori.

Duk mawaƙin da zai hau benen nan sai ya bi ta ƙofar shagon Sarkin Kunne. Wanda zai sauko ma haka. To a saukowar ake kwasar kashi a hannu.

"Kai mai jar riga, kai ne ka yi ta ƙarshen nan?"

"Ni ne, Malam."

"Allah sarki. Na ɗauka ƙofar banɗaki ce aka manta ba a ɗiga mata mai ba."

Wata ya ce mata muryarta kamar an taka wutsiyar kyanwa, kyanwar kuma ta ƙi yafewa. Wani ya ce masa idan ya ci gaba da waƙa a kusa da asibiti marasa lafiya za su warke don su samu ƙarfin gudu. Yana faɗa yana dariya har da buga cinya, sai ya waiwaya ya ga ko mun ji.

Mai Shayi, wanda teburinsa ke fuskantar shagon, shi kaɗai ke iya tanka masa.

"Sarki, kai wace waƙa ka taɓa yi da kake yanka bayin Allah haka?"

"Ni ba mawaƙi ba ne, ni kunne ne. Ka taɓa ganin kunne yana waƙa?"

"Ban taɓa ganin kunne mai surutu irin naka ba dai."

Haka aka yi ta tafiya har ranar da abin ya shigo masa gida. Matarsa tana da ƙane, autansu, kowa Auta yake ce masa. Saurayi ne mai kunya, yana aiki a shagon sayar da waya, ya daɗe yana rubuta waƙa a ɓoye. Da aka sanar za a yi gasar mawaƙa a zauren taron unguwa, sai ya yi ta maza ya ba da sunansa. Wata rana da la'asar ya zo gidan yayarsa don ya gwada waƙar a gaban 'yan gida kafin ya tsaya gaban jama'a.

Ya tsaya a tsakiyar falo ya fara. Waƙar mai daɗi ce, a kan mutumin da ya daɗe a wata ƙasa ya dawo. Amma akwai wani ɗango mai tsawo a cikinta: "Ko gari ya canza fuska, ko an rushe tsohon layi, ƙafata ba ta manta hanyar gida ba." Da Auta ya kai "hanyar gida" sai numfashi ya ƙare masa, muryar ta sirance ta tsinke kamar zare.

Yayarsa ta tafa duk da haka. Sarkin Kunne kuwa ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Auta, in gaya maka gaskiya?"

"Gaya mini, Yaya."

"Kamar akuya ta faɗa rijiya tana kiran danginta, har rijiyar ta fara gajiya da ita. Ka je ka nemi sana'ar da ake yi baki a rufe."

Auta ya yi murmushin yaƙe, ya sa takalminsa ya fita. Washegari aka ji ya je ya ce a cire sunansa daga gasa.

Ranar Sarkin Kunne ya dawo gida ya tarar da matarsa tsaye a ƙofar kicin, hannu a ƙugu.

"Maigida, ka san ni na goyi yaron nan? Tun yana bayana yake waƙa."

"To ni me na yi? Gaskiya na faɗa."

"Gaskiyarka ba ta da hannun da za ta ɗaga mutum, ƙafa kawai gare ta, sai harbi. Ka karya shi, kai za ka gyara shi. In Auta bai hau dandamalin nan ba, ni da yara mun tafi wurin Inna. Kuma Inna ta ce ita da kanta za ta zo shago ku gaisa."

Sarkin Kunne ba ya tsoron wutar lantarki, ya sha kama waya tsirara da hannu. Amma surukarsa wani abu ne daban. Ya kwana da zancen a ransa.

Da safe yana zaune ya yi tagumi sai ga Goggo ta sauko riƙe da wata 'yar fankar tebur da ta daina juyawa. Labari ya riga ya kai mata.

"Ɗan nan, duba mini fankar nan."

Ya karɓa, ya juya ta, ya jawo sukudireba.

"Tsaya," in ji Goggo. "Me ya sa ba ka ce mini wannan fankar banza ce, in je in jefar ba?"

"Haba Goggo, ai ba haka ake aiki ba. Sai na buɗe na ga abin da ke da rai a ciki, in ga inda ya lalace, in gyara."

"To haka murya take. In ka ce wa mawaƙi muryarsa kamar akuya, me zai yi da wannan maganar in ya je gida? Ba abin da zai yi sai kuka. Amma ka fara gaya masa abin da ya yi daidai, don ya san abin da zai riƙe. Sannan ka nuna masa daidai wurin da ya karkace, ba duk jikinsa ba. Sannan ka gaya masa yadda zai miƙar da shi. In ba ka da na ƙarshen nan, ka yi shiru ya fi."

Sai idon Sarkin Kunne ya fara ƙyalli, irin ƙyallin da duk wanda ya san shi yake tsoro.

"Goggo, ai wannan shi ne tsarina tun da can. Ban dai samu lokacin bayyana shi ba ne."

"Allah ya shirye ka," in ji Goggo, ta hau benenta.

Kafin azahar ya ciro allon shago ya sake masa fenti. Muka taru muna karantawa: ASIBITIN MURYA. ANA GYARAN FANKA DA MAWAƘA. IN BA TA GYARU BA LAIFIN MAI ITA NE. Ya hau kan benci ya yi mana jawabi. Ya ce zamanin zagi ya wuce, yanzu zamanin suka mai ginawa ne, kuma shi ya ƙirƙiro ta. Ya ce duk wanda zai shiga gasar nan ya zo, zai kwance muryarsa ya wanke ya mayar. Ya ce ranar gasa na ɗaya da na biyu da na uku duk daga shagon nan za su fito, alƙalai sai dai su yi ƙuri'a.

"Su Goggo fa?" in ji Mai Shayi.

"Goggo ta yi ƙoƙari a zamaninta. Ka ga na fara da yabo."

Wanda ya fara faɗawa tarko Mahauci ne, wani ƙato mai murya kamar tsawa, wanda in ya kira mai sayen nama daga rumfarsa har na layi na gaba sai ya amsa. Yana son waƙa kamar ransa, sai dai bai san a hankali ba. Ya tsaya tsakanin matattun fankoki ya saki baiti ɗaya, ƙura ta zubo daga silin.

"Madalla," in ji Sarkin Kunne. "Za mu fara da abin da ya yi kyau."

Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya. Mahauci na jira.

"Takalminka ya yi kyau."

"Takalmi kuma? Waƙar fa?"

"Kada ka yi mini gaggawa, tsari ne. Yanzu sai inda ka karkace. Muryarka mota ce ba birki. Gyara kuwa, sai mun haɗa ta da abin da ya fi ta ƙarfi ta koyi ladabi."

Ya jawo wata ƙatuwar fanka ta gidan burodi da aka kawo gyara, mai fuka-fuki kamar na jirgi. Ya tsayar da Mahauci a gabanta, hanci kusa da raga, ya murɗa ta har ƙarshe.

"Yi waƙa! Ka ci gaba har sai na daina jin fankar!"

Mahauci ya buɗe baki. Iska ta cika masa kumatu, leɓɓansa suka kama kaɗawa, muryar ta riƙa fitowa gunduwa-gunduwa kamar ana sara ta. Hularsa ta tashi ta tsallake titi ta sauka cikin tukunyar Mai Shayi.

"Wa zai sha shayin nan yanzu?" Mai Shayi ya ƙwala ihu.

"Ka tace shi! Ana aikin ilimi kana maganar shayi!"

Kullum da safe sai Mahauci ya zo ya yi kokawa da fankar gidan burodi. Kullum muryar na ƙara dushewa. Sarkin Kunne ya ce alamar nasara ke nan, birki ya fara kamawa.

Wani direba ma ya zo, mai waƙa ta hanci. Sarkin Kunne ya yaba masa da cewa ya iya tsayuwa, sannan ya maƙala masa abin shanya kaya a hanci. Direban ya fita da shi a hancin bai sake biyowa ta layin ba.

Sai Mai Ɗinki, wata mata mai fara'a da shagonta ke kusurwa. Muryarta zaƙi gare ta, kowa ya sani, amma tana riga kiɗa gudu, kafin makaɗi ya kai tsakiya ita ta gama ta zauna.

"Abin da ya yi kyau," in ji Sarkin Kunne, "kin zo da wuri."

"Ai ciwon ke nan, Malam. A waƙar ma da wuri nake zuwa."

"Ni ne likita ko ke?"

Ya ɗora wata fanka mai waige-waige kan tebur. Ya ce ta zuba mata ido: in ta juya dama, ɗango ɗaya, in ta juya hagu, ɗango ɗaya, kada ta riga ta, kada ta bari ta wuce ta. Dabarar ba ta da laifi a baki. Abin da ya manta shi ne, fankar nan gyara aka kawo ta. In ta juya dama lafiya lau take tafiya. In ta kai hagu sai ta maƙale, ta yi ƙat-ƙat-ƙat, sannan ta fizgo da gudu. Mai Ɗinki kuwa ɗaliba ce mai biyayya. Ta koyi tafiyar, ta koyi maƙalewar, ta koyi fizgar, har da wuyan.

Mijinta ya zo shago yana tambaya. "Malam, me ka yi wa matata? Jiya tana zuba mini ruwa ta tsaya tana ƙat-ƙat, ta jiƙa ni har wando."

"Waƙa ce ke shiga jikinta. Ka yi haƙuri, kana auren fasaha."

Auta shi ne ya ƙi zuwa, sai da yayarsa ta riƙo hannunsa ta kawo shi har ƙofa, ta tsaya tana kallo.

"Auta ƙanena," in ji Sarkin Kunne da murya mai taushi, yana satar kallon matarsa. "Maganar akuyar nan a bar ta. Kai yaro ne mai mutunci, kana gaishe da manya. Wannan shi ne yabo. Inda ka karkace, numfashinka gajere ne. Gyara kuwa, ga shi."

Ya turo bokiti cike da ruwa.

"Yaya, wanka zan yi?"

"Kai za ka tsoma. Mai iyo ba ya rasa numfashi. Ka tsoma kai, ka yi waƙar a zuci, kada ka ɗago sai ka kai 'hanyar gida ba'."

Auta ya dubi yayarsa, ita ma ta fara shakka, amma ta ce ya gwada. Ya durƙusa ya tsoma. Kumfa ta fara tasowa. Can sai ya ɗago a firgice yana tari, ruwa na fita ta hanci.

"Ina ka kai?"

"Tsohon layi," in ji Auta yana haki.

"Koma! Saura kaɗan ka isa gida!"

Daga saman bene aka ji muryar Goggo, wadda ta leƙo ta baranda. "Kai! Za ka kashe musu yaro ne? Auta, tsane kanka ka hawo nan."

Abin da ya faru a sama, Auta ne ya ba mu labari daga baya. Goggo ta zaunar da shi ta saurari waƙar tun daga farko har ƙarshe ba ta katse shi ba. Ta ce kalmominsa suna fita tas, ba ya cinye harafi, kuma in ya sauko ƙasa muryarsa tana da ɗumi irin wanda ba a koya wa mutum. Sannan ta ce abu biyu ne kawai ke cutarsa: yana farawa daga sama sosai saboda tsoro, kuma yana so ya haɗiye dogon ɗangon nan a numfashi ɗaya. Ta danna masa sauti a fiyano, ƙasa kaɗan da inda ya saba. Ta ce in ya ce "tsohon layi" ya tsaya ya sha iska, ba wanda ke korar sa, tsayawar ma za ta ƙara wa maganar nauyi. Ya gwada. Ya isa gida lafiya, har da sauran numfashi. Daga nan ya wuce ya mayar da sunansa cikin gasa.

A ƙasa Sarkin Kunne ya kasa kunne ya ji waƙar na saukowa sumul. Ya daki kafaɗar Mai Shayi.

"Ka ji aikin bokiti?"

Ranar gasa zauren ya cika tun da rana, har da masu leƙe ta taga. Alƙalai na gefe a teburinsu, Goggo na layin gaba, matar Sarkin Kunne na bayanta da yara. Shi kuwa ya zo cikin wata kwat ta aro da hannunta ya wuce yatsunsa. Ba wanda ya gayyace shi dandamali, amma kafin mai gabatarwa ya gama sallama ya riga ya karɓe makirufo.

"Jama'a, yau za ku ga bambancin gyara da ɓarna. Waɗanda za ku ji yanzu, ni na kwance su na ɗaura. Duk abin da kuka ji daga bakinsu, aikina ne. Ku riƙe wannan."

"Mun riƙe!" in ji Mai Shayi daga baya.

Aka ba shi kujera a gefen dandamali don a samu lafiya. Ya zauna da makirufo ɗin a hannu, ya ƙi mayarwa, sai da aka nemo wani.

Mahauci ya fito. Makaɗa suka tashi kiɗa. Ya buɗe ƙirji, ya ɗaga hannu, ya wangame baki. Ba abin da ya fito sai wata 'yar iska, kamar taya na sacewa. Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuya suka miƙe. Shiru. Mai kula da lasifika ya duba waya, ya bubbuga makirufo, lafiyarsa ƙalau.

"A kunna shi mana!" wani ya yi ihu.

Zaure ya fashe da dariya. Mahauci ya koma gefe yana huci ba sauti.

Mai Ɗinki ta fito cikin kwalliya. Ta juya wuya dama a hankali, ɗangon farko ya fita da zaƙi, har mutane suka fara gyaɗa kai. Ta juya hagu. "Zuciyata ta-ta-ta-ta-ta..." Ta maƙale a nan, kai na karkarwa. Makaɗa suka dubi juna. Sai ta fizgo wuya ta kwashe sauran baitin a guje, ta bar su a baya. Ta sake komawa dama lafiya lau, ta dawo hagu ta sake maƙalewa.

"A ɗan buga mata ƙeya ta wuce!" in ji wata tsohuwa, da zuciya ɗaya.

Wasu suka faɗo daga kujera. Sarkin Kunne ya ga jirgi na nutsewa, sai ya karkata wajen mai gabatarwa ya yi masa raɗa. Ya manta abin da ke hannunsa a kunne yake. Lasifika huɗu suka ɗauka suka raba wa kowa:

"Ni fa ban san su sosai ba. Wancan ƙaton dama buhun iska ne, ita kuwa kaza ce mai farfaɗiya. Ba likitan da zai iya musu."

Mahauci ya juyo a hankali. Mai Ɗinki ta daina ƙat-ƙat nan take, ta warke sarai.

Mai gabatarwa ya yi maza ya kira Auta don a kashe wutar. Auta ya fito, ya dubi Goggo, ta ɗaga masa gira. Ya fara daga ƙasa, a natse. Da ya kai "tsohon layi" ya tsaya ya ja numfashi, zauren duka ya tsaya tare da shi, sannan ya sauke "ƙafata ba ta manta hanyar gida ba" har ƙarshe, muryar ba ta ko girgiza ba. Yayarsa ta rufe fuska da gyale. Tafi ya tashi kamar ruwan sama a kan kwano.

Sarkin Kunne ya yi tsalle ya rungume shi. "Ɗalibina! Ƙanena! Jama'a, bokiti ɗaya na yi masa!"

Auta ya sunkuyar da kai, amma bakinsa na kusa da makirufo. "Yaya, ka yi haƙuri, bokitin mura kawai ya ba ni. Goggo ce ta nuna mini inda zan yi numfashi."

Kafin Sarkin Kunne ya samo amsa sai ya ji ƙafafunsa sun bar ƙasa. Mahauci ne ya ɗago shi ta wuyan kwat, ya kawo shi tsakiyar dandamali ya dasa. Ba ya iya magana, sai ya nuna shi da yatsa, ya nuna makirufo.

"Cewa yake ka nuna mana yadda ake yi," in ji Mai Ɗinki. "Ni kaza ce, na yarda. To zakara ya yi cara mu ji."

"Ya yi! Ya yi! Ya yi!" zaure ya ɗauka.

"Jama'a, maƙogwarona ba daɗi yau. Kuma ni kunne ne, na sha gaya muku..."

"Yi mana, Maigida," in ji matarsa daga layi na biyu, hannu a harɗe. "Ni ma ban taɓa ji ba."

Ba hanyar gudu, Mahauci ya tare matakala. Sarkin Kunne ya share gumi da dogon hannun kwat, ya ce makaɗa su ba shi waƙar Auta, tunda ita ya fi ji. Ya rufe ido ya ɗauko ta daga can ƙololuwa, inda ko tsuntsu ba ya zuwa.

Ni dai ina wurin, kuma har yau ban samu abin da zan kwatanta shi da shi ba. Lasifika ta yi ƙara ta nemi agaji. Wani jariri da ke barci ya farka ya tsala kuka, kuma kukansa ya fi kusa da karin waƙar. Mai fiyano ya ɗaga hannuwansa sama don kowa ya shaida ba shi ba ne. Da Sarkin Kunne ya kai "tsohon layi" muryar ta rabe biyu, kowace ta kama hanyarta.

Aka yi masa ca. Wannan ya ce injin niƙa, wancan ya ce jaki ya ga kura, wata ta ce a kira masu kashe gobara. Duk wanda ya taɓa saukowa daga benen nan da ƙunci a zuciya, ranar ya samu bakin magana. Sarkin Kunne ya tsaya cikin kwat ɗin da ta fi shi. Ya dubi ƙasa. Yaransa ma sun sunkuyar da kai.

Sai Goggo ta miƙe. Ta hau dandamali a hankali, tana dafa gwiwa, ta karɓi makirufo. Hayaniya ta kwanta.

"Kun gama? To. Wa zai gaya mini abin da ya yi kyau a waƙar nan?"

"Ya daina!" in ji Mai Shayi.

Aka sake kwashewa. Goggo ma sai da ta murmusa.

"Ban da wannan. Ba wanda ya kalli ƙafarsa? Tun da aka fara kiɗa take bugawa, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Mutumin nan yana da kiɗa a jiki, da yawa a cikinku ba ku da shi." Ta juya gare shi. "Ɗan nan, laifinka ɗaya ne. Ka fara daga kan rufi don kana so a ce ka iya. Sauko ƙasa inda muryarka take zaune. Saki kafaɗa. Mai fiyano, ba shi nan."

Aka danna sauti. Ta ce ya bi shi baki a rufe. Ya yi gunji, ya zame, ya dawo, ya kama.

"Yauwa, riƙe shi. Yanzu ɗango ɗaya kawai, kamar kana gaya wa matarka magana."

Ya yi. Ba zan ce ya yi daɗi ba, kada in yi ƙarya. Amma ya fito kamar muryar ɗan Adam, a kan kari, daga farko har ƙarshe. Mutane suka dubi juna. Auta ne ya fara tafi, sai Mai Ɗinki, sai zaure duka. Mahauci ma ya tafa sau biyu, kamar yana kashe sauro.

Idon Sarkin Kunne ya kawo ruwa. Ya dubi Goggo, ya dubi Mahauci, har leɓensa ya fara motsi kamar mai shirin ba da haƙuri. Sai tafin ya kai masa kai. Ƙirji ya fara tasowa cikin kwat. Ya karɓe makirufo.

"Kun ji ko? Dama ɓoyewa nake don kada yara su karaya. Makaɗa, ku tashi! Bari in ba ku baiti na biyu, akwai na uku ma da na tsara da kaina..."

"A'A!"

Zauren duka ne ya faɗa, maza da mata, yara da tsofaffi, har da alƙalai da masu leƙe ta taga, lokaci ɗaya, a kan sauti ɗaya. Gilashin taga sai da ya amsa.

Goggo ta dafa ƙirji. "Ikon Allah. Na tsufa ina neman mutanen unguwar nan su haɗa murya ɗaya, sai yau."

"To wa ya haɗa su?" in ji Sarkin Kunne. "Ku faɗi gaskiya, wa ya haɗa su?"

Matarsa ce ta hau dandamali ta kama dogon hannun kwat ɗin, ta ja shi ta tsakiyar jama'a. Suna bakin ƙofa aka sanar Auta ya zo na biyu, ta saki guɗa ba ta saki kwat ba. A titi yana ta waiwaye, yana tuntuɓe.

"Maman yara, kin dai ji tafin da aka yi mini?"

"Na ji, Maigida. Ɗango ɗaya ka iya, kuma ka yi shi da kyau. Ka riƙe shi hannu biyu, kada ka kuskura ka yi masa ƙane."